Rabin Inci a Rigar Safiya

Fil uku ne a bakina, ina durƙushe gaban ƙanwata Safiya ina kama mata bakin rigar makaranta, sai na ga gefen hagu ya fi na dama sauka. Ba da yawa ba, faɗin ɗan yatsa. Na zare fil ɗin na ce, "Ke, tsaya sosai mana, kin wani langaɓe kamar mai jiran mota."

Ta ce, "Adda, ai a tsaye nake."

Na janye ta daga inda simintin shago ya fashe, na tsayar da ita bakin ƙofa wajen haske, na sake dubawa. Yana nan. Na tuɓe rigar na shimfiɗa kan tebur, na ninka ta biyu, kafaɗa bisa kafaɗa, gefe bisa gefe. Ko da zare ɗaya wani ɓangaren bai ɗara wani ba. Yankana daidai yake. To in riga daidai take, mene ne ya karkace? Na juyo na kalli yarinyar ta baya, tana tsaye da singileti tana sosa ƙafa da ƙafa, shekararta goma sha biyu.

Goggo Dije, yayar babanmu, mai shagon, tana kan kekenta na ɗinki, ko kai ba ta ɗaga ba. Ta ce, "Rage wa hagu rabin inci, ki sa mata zobe a littafi. Kina ɓata mana lokaci."

Na rage. Na sa zoben. Riga ta zauna ɗas, Safiya ta tafi gida tana tsalle.

Ku ukun nan da aka kawo min koyon ɗinki bana, saboda ku nake wannan rubutu. A shago ba na iya dogon bayani, ƙarar keke ta ishe ni. Shekaranjiya na ji ɗayarku tana cewa ɗinki ai taka keke ne kawai, wata uku ta ƙware ta buɗe nata shagon tana ɗora hotuna a waya. Ni ma ba tsohuwa ba ce, shekarata ashirin da huɗu, amma goma daga ciki a shagon nan na unguwar Pantami a Gombe na yi su, kuma na gaji irin gajiyar da barci ba ya saukewa. Ku karanta, in kun gama ku dawo min da takardar.

Ina aji biyu na sakandare Baba ya kai ni wajen Goggo. In an tashi makaranta in zo, la'asar sakaliya in kama hanyar gida Kagarawal. Shekarar farko ban hau keke ba. Aikina hura gawayin dutsen guga, naɗa zare a bobin, sa maɓalli da hannu, sai farke. Farke fa, da reza, ɗinki ɗaya bayan ɗaya, ba tare da kin ɓula yadin mutane ba. In na yi ƙorafi sai ta ce wadda ba ta iya warwarewa ba ba ta da hurumin haɗawa. Shekara ta biyu ta ba ni almakashi, amma jarida nake yankawa. Sai a ta uku ta rataya min tef a wuya, kuma ranar ce kaɗai na taɓa jin ta ce min "Allah ya yi albarka" ba tare da ta haɗa da faɗa ba.

Taka keke kowa zai iya. Sana'ar tana cikin tef. Mace za ta shigo ta ce miki ƙugunta talatin da biyu, wato awonta na kafin haihuwar fari, yanzu tana goyon na uku. Ba za ki ƙaryata ta ba. Za ki zagaya tef, ki rufe lambar da babban yatsa, ki rubuta gaskiya a littafi. Wata za ta ɗauke numfashi ta shafe ciki lokacin awo, sai ki ja ta da hira, ki tambaye ta ina ta sayi atamfar, har ta manta ta saki jiki, sannan ki karanta. Wannan ba a koyon sa a wata uku.

Akwai wani aiki da ba na mantawa. Wata malamar firamare daga Dawaki ta kawo leshi ruwan toka, za ta sa a bikin ƙaninta. Teloli biyu sun riga sun yi mata ɗinki a baya, kullum wuyan riga sai ya zame gefe ɗaya, tana tafe tana ja. Goggo ta sa ta tsaya, ta ɗora tafin hannu a kafaɗunta biyu kamar mai gaisuwa, tana tambayarta lafiyar yara. Da matar ta fita sai Goggo ta ce min, "Kin gani?" Na ce ban ga komai ba. Ta ce, "Makauniya da tef a wuya. Kafaɗarta ta hagu a ƙasa take." Ta yanka soso siriri ta ɓoye tsakanin leshin da shafi a wancan gefen kawai, ta matsar da dat ɗin baya, wato ɗinkin da ke tsuke riga, kaɗan, ta ɗage hammata ɗaya. Ranar gwaji matar ta tsaya gaban madubi ta juya ta sake juyawa, ta ce tunda take ba ta taɓa sa rigar da ta zauna mata haka ba. Ta ce, "Hajiya, me kika yi mata?" Goggo ta ce, "Yadin ne mai kyau."

Bayan matar ta tafi Goggo ta ba ni dokar shago: "Mace ba ta zo wajenki don ki gaya mata yadda Allah ya yi ta ba. Ki gani, ki yi shiru, ki gyara a yadi." Ta buɗe littafin awo ta zana ɗan ƙaramin zobe kusa da sunan matar. Duk sunan da ke da zobe, ma'anarsa gefe biyun ba ɗaya ba ne, kada a ninka yadi a yanka lokaci guda, kowane ɓangare da nasa awon. Da wannan dokar Goggo ta yi suna. Mata suna tsallake shaguna goma su zo nata.

Ita kanta Goggo bayanta a karkace yake, kun gan ta ai. In ta cire mayafi, haƙarƙarinta na dama ya taso ta baya kamar ta saɓa ƙullin kaya, ƙugunta ɗaya ya shige ciki. Daga shago zuwa bakin titi sai ta tsaya sau biyu tana haki. Tun muna yara abin da muke ji shi ne keke ce ta cinye mata baya. Ita ma haka take faɗa: "Shekara arba'in ina duƙe kan wannan baƙin ƙarfen, me kuke so in zama, sandar rake?" Kowa ya yarda, ni ma na yarda. Shi ya sa ranar da na ga rabin inci a jikin Safiya na rasa inda zan ajiye shi, don yarinyar ko fedar keke ba ta taɓa takawa ba.

Amma na bi doka. Na gani, na yi shiru, na gyara a yadi.

Ƙaramar Sallah na yi mata riga da siket na atamfa, bambancin ya haura rabin inci. Na sa soso a hagu. Babbar Sallah na yi mata doguwar riga, ya kai inci ɗaya, kuma tsakiyar bayan rigar ya ƙi bin tsakiyar bayanta, sai da na karkatar da zif ɗin da gangan yadda ido zai gan shi a miƙe. Da aka koma makaranta ta yi wani irin tsawo cikin 'yan watanni, duk kayanta suka ɗage, na sake sabon awo: inci ɗaya da rabi, ga wani tudu da ya fara tasowa ƙarƙashin allon kafaɗarta na dama. Na yi masa tattara a wajen, na sake wa rigar jiki. Duk wannan ina rubutawa a littafi da kwanan wata, don Goggo ba ta yarda da awon da ba shi da rana. Kullum in ta sa riga ta yi kyau sai in ce wa kaina ai ga shi ba komai. Har wani daɗi nake ji in Goggo ta duba ta ce, "Hannunki ya fara faɗawa." Wata goma sha huɗu ina haka. A gida ba wanda ya lura. A waje tana cikin hijabi, a ciki tana cikin rigunan da na yi mata, kuma ta kai shekarun da ba ta tuɓewa gaban kowa, ko Inna.

Ankon biki ne ya tona. 'Yar ƙanwar Inna za ta yi aure, uwar amarya ta kwashi yadin yara duka ta kai wa wani tela namiji, ya yi musu iri ɗaya, ƙanana da matsakaita da manya, ba awo ba komai. Aka kawo na Safiya da hantsi, ta shiga ɗaki ta sa ta fito tsakar gida. Rigar mai kama jiki ce, an yanka ta gefe biyu daidai. Wuya ya zame, zif ya yi gefe, bakin riga ɗaya a gwiwa ɗaya a ƙasa. Inna tana tankaɗe, ta ce, "Wannan wane irin tela ne?" Sai Safiya ta sunkuya za ta ɗaura igiyar takalmi, tudun nan ya fito fili.

Inna ta ajiye rariya. Ta zo ta shafa bayan tun daga wuya har ƙugu, ta sake shafawa. Sannan ta dubo ni.

"Asma'u, ke kike auna ta."

Na ce, "E, Inna."

"Tun yaushe?"

Na ce, "Tun bara, kafin azumi."

Ba ta zage ni ba. Da ma ta zaga. Ta koma ta ɗauki rariyarta ta ci gaba da tankaɗe garin da ta riga ta tankaɗe.

Daga nan kowa ya zama likita. Wannan ta ce jakar makaranta ce, a rage littattafai. Waccan ta ce ɗaukar jarka ne, a hana ta ɗebo ruwa. Wata ta ce kwanciya gefe ɗaya ce. Baba ya kai ta wajen wani mai ɗori da ya taɓa gyara masa hannu. Allah ya saka wa dattijon, ya duba ya ce shi karaya da targaɗe ya sani, wannan ba karaya ba ce, kada a bari kowa ya ja ta ko ya danne ta, a tafi asibiti.

Ni da Inna muka kai ta. Mun yi zuwa uku kafin mu ga likitan ƙashi, wani siririn mutum mai furfura a gemu, ba ya sauri a magana. Ya sa ta haɗa ƙafafu ta sunkuya ta saki hannuwa kamar mai ruku'u, ya tsuguna ta bayanta ya hango. Ya ce min, "Zo ki gani, malama." Na ce na sani. Ya tura mu ɗaukar hoton ƙashi. Da hoton ya fito ya manna shi jikin fitila, na ga ƙashin bayan ƙanwata ya tafi dama ya dawo hagu kamar igiyar da aka yar a ƙasa. Ya ja layi biyu da biro da rula, ya auna tsakaninsu. Ya ce sunan abin sikoliyosis, karkacewar ƙashin baya, kuma ya fi tsananta ga 'yan mata daidai lokacin da suke saurin tsawo.

Ya tambaya yaushe ya fara, kuma da wane sauri yake tafiya. Inna ta dube ni. Na ce ina da shi a rubuce. Ranar da aka ce mu dawo na ɗauko littafin awo daga shago, Goggo ta ce ba inda littafinta zai je ba ita, ta yafa mayafi ta biyo mu a Keke Napep tana mita tun daga Pantami har ƙofar asibiti.

Likitan ya buɗe shafin Safiya yana bin ranakun da yatsa. Rabin inci, inci ɗaya, ɗaya da rabi. Ya daɗe a kai. Ya ce, "Ban taɓa samun mara lafiyar da ta zo min da irin wannan ba. Kin yi aiki mai kyau." Sannan ya ce, "Da kin kawo ta a layin farko." Bai ƙarasa ba, ni ma ban nemi ya ƙarasa ba.

Ya ga zoben ya tambayi ma'anarsa, na gaya masa. Sai ya ɗago ya kalli Goggo da ke zaune tana haki, ya ce, "Mama, ke fa, tun yaushe bayanki yake haka?"

Ta ce, "Ɗan nan, ni ba ni aka kawo ba. Nawa keke ce."

"Da shekara nawa kika fara ɗinki?"

"Bayan na haifi ta fari."

"Kafin nan fa, zaninki yana zama daidai a ƙugu?"

Goggo ta ce, ƙasa-ƙasa, tun tana budurwa mahaifiyarta take ninka mata tsumma a ƙugu ɗaya kafin ta ɗaura zani. Kuma ita mahaifiyar, wato kakarmu, haka take yi wa kanta.

Ya ce keke ba ta karkata ƙashi haka, jaka ma ba ta yi, jarka ma ba ta yi. Ya ce abin yana bin jini. Ba wai abu guda ake gada kamar yadda ake gadon gona ba, ƙananan abubuwa ne da yawa cikin halittar da yaro ke ɗaukowa daga uwa da uba, in suka taru a jikin wani sai ƙashin ya karkace lokacin girma. A gida ɗaya wata nata ya tsaya kaɗan har ta mutu ba ta sani ba, wata nata ya yi ta tafiya har ya matse huhu. Ya ce har yau masana ba su gama gane dalilin ba, kuma shi ba shi da wani gwajin jini da zai nuna masa wace yarinya ce nata zai yi tsanani. Abin da yake da shi ido ne, da hoto, da tambayar wa da wa ke da shi a dangi. Inna ta tambaya da murya ƙasa ko don ita da Baba 'ya'yan wa da ƙani ne. Ya ce ba zai iya ce mata haka ba, yana ganin sa a gidajen da ba auren zumunci ko kaɗan, kada ta koma gida da laifin da ba nata ba.

Ya miƙo min littafin ya ce in karanta masa duk 'yan'uwanmu da ke da zobe. Na fara buɗawa. Maryam 'yar Goggo da ke aure a Kumo, zobe. Wata jikar ƙanin kakarmu, zobe. Na koma can farkon littafin, shafukan da suka yi ja don tsufa, sai na ga sunana da rubutun Goggo, awon rigar Sallata ina shekara goma sha huɗu. Da zobe.

Na ce, "Goggo, wannan fa?"

Ta ce, "To me zan ce miki? Na gyara miki a yadi."

Likitan ya sa na cire hijabina na sunkuya a wajen. Ya ce akwai, kaɗan ne, kuma ƙashina ya gama girma, ba ya jin zai je ko'ina. Nawa ya tsaya da kansa ba da dabarar kowa ba. Na Safiya ne bai tsaya ba. Ya ce ta kai gaɓar da ake tsoro: in ya ƙara gaba kaɗan sai aiki, a buɗe bayan a sa ƙarfe, kuma ba a nan garin ba. In an bar shi kuma, ga Goggo nan muna gani. Abin da ya rage a gwada shi ne wata rigar roba mai tauri da za ta riƙe ta har ƙashin ya gama girma. Ba za ta miƙar da ita ba, hana shi ƙaruwa kawai ake nema, kuma bai yi mana alkawari ba.

Mai yin rigar robar a asibitin yake, shi ne mai haɗa wa mutane ƙafar roba. Na tsaya na kalli aikinsa don ban taɓa ganin awo irin nasa ba. Ya naɗe ta da farin bandeji mai filasta tun daga hammata har ƙugu, ya bari ya daskare, ya tsaga ya zare, ya sami siffarta cif. A kan siffar ya ƙara nan ya rage can kafin ya narka roba a kai. Da ya ji ni tela ce sai ya yi dariya ya ce, "Ashe abokiyar sana'a ce. Bambancinmu ɗaya, ku kuna bin jiki, ni gardama nake da shi."

Shekarar da ta biyo baya ita ce mummunar shekarata. An ce Safiya ta sa robar yini da kwana, sai wanka kawai. Aka fara daidai shigowar zafi, kun san zafin Gombe kafin ruwa ya sauka. Sati biyu fatarta ta saɓule a haƙarƙari da ƙashin ƙugu. Singiletin kasuwa ɗinkinsa yana cin ta a ƙarƙashin robar, duk inda zare ya yi tudu sai ya zama gyambo. Na nemo yadin auduga mai laushi na wanke shi sau uku don ya saki, na yanka shi a karkace yadda zai miƙe ya bi jiki, na mayar da ɗinkin ta waje, ba kalmasa, ba lakabi, ba komai da zai taɓa fata. Na farko ya tattare ya yi mata layi. Na biyu ya yi gajere, bakin robar ya ci hammata. Sai a na biyar na dace. Na yi mata guda takwas, tana canja uku a yini, ni nake wankewa kafin in fito shago. Kayan makaranta kuma duk sai da na sake su, don robar ta ƙara mata faɗi, kuma tana cin yadi ta ciki, wata biyu ta huda riga. Na riƙa sa ƙyalle biyu a wuraren.

Safiya kuma ta tsane ni. Ni ce mai ɗaure mata maɗaurin baya da safe, ni ce mai ja har alamar da likita ya yi. Tana cewa, "Adda, wallahi ba na iya numfashi." In ce, "Kina magana ai." Rannan na dawo na tarar ta cire robar ta tura ƙarƙashin gado, ta sa hijabi ta zauna kamar tana ciki. Na ɗauko na tsaya a kanta. Ta ce, "Da can da kika yi shiru ba ki damu ba, sai yanzu?" Na ɗaura mata, na ja har alamar.

A shago hankalina ba ya jikina. Na yanka wa wata mata hannun riga biyu duk na dama a leshin da ba a samun irinsa. Na ƙona shaddar wani ango da dutsen guga. Kwastomomin da suka saba cewa "a ba Asma'u" suka koma cewa "Hajiya, ki yi min da kanki." Kuma na kama wata ɗabi'a, duk yarinyar da aka kawo awo sai na zagaya bayanta na tsaya ina kallo. Wata rana aka kawo 'yar shekara goma sha ɗaya, na ga abin da na gani a jikin Safiya, ƙasa da rabin inci ma. Na ja uwar gefe na gaya mata, na ce ta kai ta a duba. Matar ta tashi kamar na watsa mata ruwan zafi.

"Ɗinki na kawo ko duba? 'Yar tawa ce mai ƙusumbi? Bakinki ya sari ɗanyen kashi!"

Ta fizge atamfarta ta fita, ba ta sake dawowa ba, ita da ƙawayenta biyu. Goggo ta ce na karya mata dokar shekara arba'in a shagonta. Na ce, "Goggo, dokar tana nan ga manya. Mace ta gama girma, in gani in yi shiru in gyara. Amma yarinya, ko za ki kore ni sai na faɗa." Kwana huɗu ba ta yi min magana ba, sai dai ta turo min aiki da ƙafar almakashi. A na biyar aka kawo wasu tagwaye awo, ina ji ta ce musu, "Ku sunkuya ku taɓa yatsun ƙafa in ga wadda ta fi." Ba ta kalle ni ba, ni ma ban kalle ta ba.

To ku ma haka za ku yi, ba shawara nake ba ku ba. Yarinya daga shekara goma zuwa sha biyar, in kin auna kafaɗa zuwa ƙugu ta dama, ki auna ta hagu. In ba su zo ɗaya ba ki sake. In sun sake saɓawa ki sa ta sunkuya ki hango bayan. In gefe ɗaya ya fi tudu, ki kira uwar waje, ba a gaban mutane ba, ki tambaye ta ko akwai mai irin wannan bayan a danginsu, ki ce ta kai ta asibiti. Ba ke ce likita ba, kada ki ce mata ga abin da ke damun 'yarta. Wata za ta zage ki. Ki sha zagin.

Duk wata shida muke komawa hoto. Duk komawa likitan zai ja layinsa biyu, ni kuma ina kallon bakinsa. Zuwa na biyu ya ce ya ɗan ƙaru. Ya ce in ya sake ƙaruwa haka za mu zauna da Baba a yi maganar aiki. Ban san yadda muka iso gida ranar ba. Na uku ya ce yana nan inda yake. Na huɗu ma haka. Aka sake mata sabuwar roba don ta farko ta yi mata kaɗan, na sake sababbin singileti. Shekara biyu da rabi.

Watan jiya muka koma, ni da ita kawai, Inna ta ce ba za ta iya zuwa ba. Bayan hoton baya ya sa aka ɗauki na ƙugu. Muka zauna kan benci tun sassafe har rana ta take. Da aka kira mu ya manna hotunan biyu, ya ja layinsa, ya auna, ya ɗauko tsohon ya kara da sabon. Sannan ya nuna wani wuri a saman ƙashin ƙugu da bakin biro ya ce, "Kin ga nan? Ya rufe. Ta gama girma."

Na ce, "Likita, ban gane ba."

Ya ce, "Ba za a yi aiki ba. Bayan ba zai miƙe ba, haka za ta zauna da shi, kuma ina so in riƙa ganin ta shekara-shekara. Amma lokacin da muke tsoro ya wuce. Ta fara rage sa robar, awa kaɗan-kaɗan, nan da wata uku ta ajiye."

Safiya ta ce, "Har a makaranta?"

Ya ce, "Daga gobe ma kada ki je da ita makaranta."

Agogon bangon ofishinsa ya nuna sha biyu saura kwata. Na yi masa godiya, na san na yi, amma ban tuna da me na ce ba. Muka fito baranda, na zauna a ƙasa gindin dakalin da masu jinya ke shanya kwanuka. Na ciro waya na kira Inna, ta ɗauka tun kafin ta yi ƙara, tana cewa, "Asma'u? Asma'u, me ya ce? Yi magana mana!" Safiya ta karɓe wayar daga hannuna.

"Inna, ni ce. Ba za a yanka ni ba. Adda ce ta zauna a ƙasa ta ƙi tashi, mutane sai kallon mu suke."